Ƙwaryar Nono da Tukunyar Cuku: Abincin Makiyaya a Inkil da Tsaunukan Suwizalan

Inkil tana bakin garin Bauchi ta gabas, a kan titin da ya nufi Gombe. Tsohon mazauni ce, domin a nan Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma Sarkin Bauchi na farko, ya zauna da jama'arsa kafin ya tashi ya kafa birnin Bauchi a 1809. Yau birnin ya yaɗu har ya haɗe da ita, amma bayanta gonaki ne da duwatsu da rugage, har zuwa Dindima inda titin ya haye kogin Gongola, ya miƙe Alkaleri. Zama tsakanin gari da daji shi ya ba abincin makiyaya ƙarfi a wurin. Nonon da matan Fulani ke ɗaukowa daga rugagen gabas ta nan yake ratsawa kafin ya isa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, wani kuma a nan yake ƙarewa, a gindin itace, cikin ƙwarya da ludayi.

Madara ba ta jira. Da zarar an tatse ta, ƙananan halittun da ido ba ya gani sun fara aiki a kanta, kuma a zafin Bauchi na Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kusanci 40, 'yan sa'o'i sun isa ta tsinke. Dabarar Fulani ita ce su riga lalacewar, su tsamar da madarar da kansu. Ana tafasa ta, a bar ta ta huce a ƙwarya, a zuba ɗan ragowar nonon jiya, a rufe da faifai. Kafin gari ya waye ta kama. Cikin daren, halittun da ke ragowar jiya sun cinye zaƙin madarar sun mayar da shi tsami, tsamin kuma ya hana masu ruɓar da abinci sakat. Wannan shi ne kindirmo, nonon da ba a taɓa maiƙonsa ba. In aka kaɗa shi a gora har mai ya fito aka kwashe, abin da ya rage shi ne tsala, wanda aka fi damu da shi saboda arha. Tafasawar farko tana da wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba: tana kashe ƙwayoyin tarin fuka da na cutar bakkale, waɗanda kan ratso daga saniya zuwa mutum ta ɗanyar madara.

Kindirmo yakan kwana biyu ko uku kafin tsaminsa ya wuce sha. Abu ɗaya daga cikin madara da ake iya ajiyewa na dogon lokaci a ƙasar Hausa shi ne mai. Ana cura ɗanyen man shanu a jefa cikin nono don kada ya narke a hanya, mai saye kuma ya soya shi da albasa har ruwansa ya ƙone, ya tace a kwalba. A haka yakan yi watanni. Sauran abin gina jiki da ke cikin madarar kuwa, in ba a sha shi cikin kwanakin nan ba, ya tafi.

Abokiyar nono ita ce fura. Ana surfa gero a wanke, a niƙa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a cura manya a jefa cikin tafasasshen ruwa, a kwashe a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, sannan a sake curawa a barbaɗe da gari. Mai nono takan dama wa mai saye a gabansa, tana murza furar da bayan ludayi a jikin ƙwarya, tana tambayarsa ko da kauri yake so ko da ruwa-ruwa. A shagunan cikin gari yanzu inji ke damu, ana ƙara ƙanƙara da kwakwa da dabino. Furar inji ta fi laushi, amma ta rasa 'yan gudajin nan da ke sa mai sha ya tauna, kuma masu shan fura da yawa a kan gudajin suke auna damu.

In sanyi ya sauka, daga Disamba zuwa Fabrairu, hankali kan koma wajen wuta, wato rumfar mai masa. Bauchi ta yi suna da masa a duk Arewa, har masu sayar da ita a Abuja da Kaduna kan liƙa sunan garin a allon shagonsu. Ana jiƙa shinkafar tuwo, a dafa wani kaso a haɗa da ɗanyar, a niƙa, a sa yisti, a bar ƙullun ya kwana ya tashi. Da asuba ake ɗora tanda. Masar kirki bakinta a soye yake, cikinta fari mai laushi da ƙananan ramuka. Ana cinta da miyar taushe ta kabewa da alayyafo da gyaɗa, ko da ƙuli-ƙuli da yaji, kuma a nan ne man shanun da aka adana ke samun ranarsa, domin cokali ɗaya a kan miya mai zafi ya isa ya sauya kwanon gaba ɗaya. Mutane kan zauna a benci kusa da murhun, direba da malamin makaranta da ɗan acaɓa kafaɗa da kafaɗa, kowa na jiran a kwashe tasa daga tanda. Ɗumin wurin da hirarsa suna cikin abin da ake zuwa nema.

Babbar matsalar nono a wannan yanki ita ce rashin daidaiton shekara. Farar saniyar Fulani, Bunaji, ba ta cika ba da fiye da lita ɗaya zuwa biyu a rana ba bayan ɗan maraƙinta ya sha, amma da damina, in garke duka na tatsuwa, nono kan yi yawa har farashinsa ya faɗi, wani ma ya tsame a ƙwarya ba a saya ba. Da rani ciyawa ta bushe, shanu sun yi kudu neman ruwa, nonon ya yi wuya. A lokacin ne ake ƙara masa ruwa, a kaurara shi da garin 'ya'yan kuka, ko a haɗa shi daga madarar gari da aka shigo da ita daga ƙasashen waje. Yalwar Agusta ba ta iya kai wa Maris ɗauki, saboda babu abin da zai ɗauke ta ya kai ta can.

Cuku ne ke wannan aikin a wasu wurare, kuma ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A Nijar, a yankin Tawa da Abalak da Agadas da Dakoro, matan Buzaye da na Fulani kan sa wa ɗanyar madara ruwan da aka jiƙa wani sashe na cikin ɗan akuya ko ɗan rago mai shan nono. Sinadarin da ke cikinsa kan sa madarar ta daskare ba tare da ta yi tsami ba. Sai a shimfiɗa ta siririya a kan 'yar tabarmar kara, ruwan ya tsiyaye, a shanya a iska kwana ɗaya ko biyu. Abin da ke fitowa falle ne mai tauri, da shatin tabarmar a jikinsa, wanda ke yin watanni bai lalace ba. Ana cinsa da shayi, ko a daka shi cikin fura. Can kudu kuma, a Kwara da Oyo da arewacin Jamhuriyar Benin, Fulani na yin wara: a ɗumama madara, a sa ruwan ganyen tumfafiya, ta dunƙule, a kwashe a ƙananan kwanduna. A Benin ana rina ta ja da karan dafi. Wara tana da laushi da daɗin suya, sai dai ba ta wuce kwana biyu ko uku sai an riƙa sake tafasa ta. Awarar da yara ke soyawa a bakin titin Inkil da yamma ta waken suya ce, wadda ta mamaye kasuwa saboda wake ya fi madara arha kuma ana samunsa duk shekara.

Al'ummar da ta fi kowa shahara da mayar da cuku abincin zama a ci ita ce ta Suwizalan, ƙasa mai tsaunuka a tsakiyar Turai. Matsalarsu irin ta Bauchi ce, amma sanyi ne ya haddasa ta. Ƙanƙara kan rufe makiyaya watanni, ƙasar noma kuma kaɗan ce. Don haka tun ƙarnoni da suka wuce suke kora shanu saman tsaunukan Alp a watan Mayu ko Yuni, su yi kimanin kwana 100 a can suna cin ɗanyar ciyawa, a bar ta kwari ta girma a yanke a shanya don hunturu. A watan Satumba ake saukowa, shanu sanye da manyan ƙararrawa da furanni, ƙauye ya fito tarba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma da kiwo ta Suwizalan irin wannan makiyaya ce ta tudu, kuma a Disambar 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan hawa da sauka cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Makiyayin da ke saman dutse ba shi da kasuwar da zai kai madara kowace safiya, dole ya mayar da ita abin da zai jira shi har ya sauko.

Cukun Gruyère, wanda ya samo suna daga wani ƙaramin gari a jihar Fribourg, ya isa misali. Ana zuba ɗanyar madara a katuwar tukunyar jan ƙarfe, a sa mata halittun tsami da sinadarin cikin ɗan maraƙi. In ta daskare a yayyanka ta ƙanana kamar ƙwayar alkama, a ɗumama zuwa wajen 55 a ma'aunin zafi don ruwan ya fita, a zuba a mazubi a matse kusan kwana guda, a tsoma a ruwan gishiri. Daga nan sai ɗakin ajiya mai sanyi da laima, inda ake juya shi ana goge bayansa da ruwan gishiri na aƙalla wata 5, wani har fiye da shekara. Dunƙule ɗaya kan kai kilo 35, kuma yana cin madara kimanin lita 400. Na Emmentaler, mai manyan ramukan nan da iskar da halittun cikinsa ke fitarwa ke haƙawa, yakan kai kilo 75 zuwa 120. Saniyar Suwizalan tana ba da wajen lita 7,000 a shekara, amma duk da haka garke ɗaya ba ya cika irin wannan tukunya kullum. Shi ya sa manoman ƙauye kan haɗu su kafa gidan cuku guda, kowa ya kawo madararsa safe da yamma a auna a rubuta. An buɗe irin wannan gida na farko a kwarin ƙasar Bern, a ƙauyen Kiesen, a 1815, kuma har yau Gruyère daga ƙananan gidajen ƙauye sama da 150 yake fitowa.

A Suwizalan, gidan abincin da ke sayar da girkin tsauni yakan zama ƙarami, bangonsa da rufinsa na katako, tebura kusa da juna, an rataye tsofaffin ƙararrawar shanu, ƙanshin narkakken cuku ya cika ko'ina. Babban abincinsa shi ne fondu. Ana goga tafarnuwa a cikin wata faffaɗar tukunyar ƙasa mai mariƙi, a zuba gurzajjen cuku, galibi rabi Gruyère rabi Vacherin na Fribourg, kimanin giram 200 ga kowane mutum, da ɗan sitaci don kada mai ya rabu da sauran. In ya narke sai a kawo tukunyar tsakiyar tebur a ɗora a kan 'yar wuta. Kowa na da dogon cokali mai yatsu, ya soki gutsuren burodi, ya tsoma ya juya ya ci. Juyawar aiki ce da ke kan kowa, domin in aka daina, cukun zai kama. Ba a gaggawa, tukunya ɗaya kan ɗauki masu ci sa'a guda ko fiye. A ƙarshe akan tarar da ƙanzo a gindin tukunyar, a kankare a raba, kuma da yawa sun fi son sa a kan sauran.

Na biyu shi ne raklet, abincin jihar Valais. Ana raba dunƙulen cuku biyu, a kara fuskar da aka yanka kusa da wuta, in ta narke a kankaro ta da wuƙa a kan faranti, a ci da dafaffen dankalin turawa da ƙananan kokwamba da albasa da aka jiƙa a ruwan tsami. Mai kankarar yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jira zagayensa. Akwai roshti, gurzajjen dankali da ake soyawa da man shanu ya zama faifai guda, wanda asalinsa karin kumallon manoman Bern ne. Akwai kuma taliyar makiyaya, da ake dafawa da dankali da cuku da soyayyar albasa, a ci da markaɗaɗɗen tuffa. Taliya ta yaɗu a tsaunukan ne lokacin da leburori daga Italiya suka zo haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard, wanda aka buɗe a 1882, kuma makiyaya sun karɓe ta saboda ba ta da nauyin ɗauka kuma ba ta lalacewa. Musulmin da ya shiga irin wannan gida yana da abin tambaya kafin ya ci. Yawancin fondu da farar giyar inabi ake narka shi, ko da yake akwai na Fribourg da ake yi da Vacherin zalla da ruwa. Raklet da taliyar makiyaya kuma sau da yawa akan haɗo su da naman alade.

Ana yawan ɗauka cewa fondu tsohon abincin talakan makiyayi ne, amma tarihi bai goyi bayan haka sosai ba. Bayanin dafa cuku da giya ya bayyana a wani littafin girki na birnin Zurich tun 1699, kuma Gruyère kayan fatauci ne mai tsada da ake kaiwa Faransa, wanda ya fi ƙarfin tukunyar talaka. Abin da ya mayar da fondu abincin ƙasa shi ne talla. Ƙungiyar dillalan cuku ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1914 ta riƙe cinikin manyan cukun ƙasar har aka rushe ta a 1999, ta tarar da cuku ya yi yawa ya rasa masaya. Daga shekarun 1930 ta shiga yayata fondu, a shekarun 1950 ya shiga girkin sojoji, samari suka koya a bariki suka kai gida, a 1964 kuma aka baje shi a babban bikin baje kolin duniya na New York. Bayan rushewar ƙungiyar sai doka ta karɓi aikin kare suna. Tun 2001, a Suwizalan ba a kiran cuku Gruyère sai wanda aka yi a ƙayyadadden yanki, da madarar shanun da suka ci ciyawa ɗanya ko busasshiya, aka kawo daga nisan da bai wuce kilomita 20 ba. Wannan kariya ce ke sa manomin ƙauye ya sayar da madararsa da daraja. Masar Bauchi ba ta da irinta, kowa na iya rubuta sunan a allo ko da bai taɓa ganin Wunti ba.

Najeriya tana da tuddai masu sanyi, kuma an gwada sana'ar madara da cuku a kansu. Jos, mai nisan kimanin kilomita 130 daga Bauchi, tana sama da mita 1,200, kuma daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ake samun yawancin dankalin turawan ƙasar. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta koma Vom, kusa da Jos, a 1924, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, da kayan Turai suka yanke, an yi man shanu da cuku a can da madarar Fulani. Har yau akwai kamfanin madara a Vom, mai yogot ɗin Farm Fresh. Tsaunin Mambila a jihar Taraba, mai tsayin kimanin mita 1,600, ya fi ko'ina kama da makiyayar Alp: ciyawa shar, sanyi, shanu jingim a kewayen Gembu da Nguroje. Abin da ya rasa shi ne hanya mai kyau da wutar lantarki da wurin tara madara, kuma abin takaici ne a ce ƙasa mai irin wannan tudu tana dogara da madarar gari daga waje. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida, ya janye matakin a 2024, shekarar da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta.

Ga Inkil da rugagen da ke bayanta, cukun da ake tsufarwa wata biyar a ɗaki mai sanyi ba shi ne abin koyi ba, domin sanyin da tsauni ke ba Suwizalan kyauta, a Bauchi sai an saye shi da kuɗin wuta. Busasshen cukun Nijar ya fi dacewa, amma shi ma da sharaɗi. Ruwan saman Bauchi kan kai wajen milimita 1,000 a shekara, ninkin na Abalak sau da yawa, kuma a Agusta, lokacin da nono ya fi yawa, iska cike take da laima, abin da aka shanya kan yi fumfuna kafin ya bushe. Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, sa'ad da shanu ke cin karmami da harawa a gonakin da aka girbe, suna da sauran nono, iska kuma ta fara bushewa. Don cin moriyar damina kanta sai an sami rumfar shanya mai rufi da ke tara zafin rana. Abin da ya fi sauƙin ɗauka daga Suwizalan shi ne tsarin gidan ƙauye, inda masu shanu kaɗan-kaɗan ke haɗa madara a tukunya guda, kuma kamfanin madara na L&Z da ke Kano ya nuna cewa ana iya tara madara daga rugage a kai a kai. Sai dai a ruga, ko wane ne ya tatsa, sarrafa nono da kuɗinsa na mace ne, da shi take sayen gishiri da kanwa da sabulu da kayan ɗakin 'yarta. Inda aka kafa wurin tara madara aka yi rajista da sunan mai garke, kuɗin kan koma aljihun namiji. Duk tsarin da za a kawo yankin sai ya rubuta sunan matan a littafin awo, ya kuma biya su hannu da hannu.